Safa Mai Launi Biyu

A layin masu sayar da kayan gini babu wanda bai san Yaya ba, kuma babu wanda ya taɓa jin an kira ta da wani suna ban da wannan. Ƙanenta ne mai shagon kayan famfo da ke kan kwana, shi yake ce mata Yaya, sai duk layin ya ɗauka, har tsofaffin da suka girme ta. Shi yana yawon gyara a gidajen mutane, ita tana zaune bayan kanta tsakanin bututu da kawunan famfo da gwangwanayen gam, jakar ulu a gefen ƙafarta. In ka zo sayen abu, dole ka jira ta kai ƙarshen jeren da take saƙawa, don ba ta ajiye tsinke a tsakiyar aiki ko da gobara ake yi.

Saƙa kuwa tun tana firamare ta koya, wurin wata malama mai bugun hannu da rula in madauki ya zame. Karatun bai yi nisa ba, amma saƙar ta bi ta har gidan miji. Da mijin ya rasu a haɗarin mota ya bar ta da yara, autarsu tana goye, hular jarirai da rigar sanyi ne suka riƙe gidan. Yanzu yaran duk sun kama gabansu. Ba don ci take saƙa ba, hannun ne ya saba, in ba ta riƙe tsinke ba sai ta ji kamar ta fito ba ɗankwali.

Sai dai Allah ya yi ta da tsoro, kuma ba ta ɓoyewa. Tana tsoron tukunyar gas, tana tsoron kare ko da ɗaure yake, ba ta tsallaka titi sai ta riƙe gefen rigar wani. In baƙuwar lamba ta kira ta, zuba wa wayar ido take yi har ta katse don kanta. Ƙanenta yakan ce da tsoro sana'a ne da tuni Yaya ta gina bene. Ita kuma ta ce masa ya yi ta dariya, ai da tsoron nan ta raine shi har ya yi gemu.

Auta ce ta saya mata babbar waya bayan ta yi aure ta koma wani gari mai nisa, tafiyar wuni guda a mota. Ita ce kuma ta jefa ta cikin wani zauren mata masu saƙa a wayar, ba tare da ta yi shawara da ita ba. Ranar da saƙonni suka fara shigowa kamar ruwan sama, Yaya ta kifa wayar a kan kanta ta ɗora mata gwangwanin gam. Gani take yi in ta taɓa wani wuri bisa kuskure, hoton fuskarta zai tafi duniya, ko kuma matan nan su ji duk abin da ake faɗa a shago.

Sannu a hankali ta fara leƙawa. Ashe akwai mata birjik, a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba, waɗanda su ma suke shafa ulu a kumatu kafin su saya. Akwai masu tsinke irinta, akwai masu kwarashi, kullum ana tsokanar juna a kan wa ya fi wani wahala. Ta san muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Akwai Shugaba, mai faɗa in an turo tallan turare. Akwai wata amarya da ta fi ƙwarewa a warwarewa fiye da saƙawa, tana kuka tana dariya. Akwai Sista, tsohuwar ma'aikaciyar asibitin yara da ta yi ritaya, ba ta cika magana ba, in kuwa ta yi kowa sai ya nutsu. Yaya ta so su har cikin ranta. Amma ita ko sallama ba ta taɓa yi ba, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Tsoronta kada ta yi magana a yi mata dariya, a ce saƙarta ta mutanen da ce.

Zauren yana da al'adarsa. Duk wadda ta gama aiki sai ta shimfiɗa shi a kan farin ƙyalle, ta gyara shi tsaf, ta ɗauki hoton fuskarsa ta turo, a yi ta sa albarka. Fuskar aiki kawai ake nunawa. Ciki, inda ƙulle-ƙulle da wutsiyoyin zare suke, ba wadda take juyowa, kamar yadda ba a kai baƙo ɗakin shirgi.

A nan ne Yaya ta fara ganin saƙa mai launi biyu, wadda ake fitar da zane a jiki. Ita duk rayuwarta launi ɗaya ta sani, in ta yi ƙoƙari ta yi ratsi. Wata ta turo bidiyon yadda ake yi, Yaya ta zauna tana kallo baki buɗe, ana zuwa daidai inda matar za ta juya aikin ta yi bayanin baya sai data ta ƙare. Ta ce a ranta sauran ai ba sai an faɗa mata ba: zaren da ba a aiki da shi a bar shi ya bi ta baya har a sake bukatarsa. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ina! Mace ta yi furfura a kan tsinke, ta buɗe baki ta tambayi sa'o'in 'ya'yanta? Ta ƙi.

Ana nan sai Auta ta zo ganin gida da jaririnta, ɗan wata biyu, kumatu kamar an hura. Yaya ba ta kiransa komai sai Angona. Yana barci ta auna tafin ƙafarsa da zare, ta ɗaura niyyar yi masa abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba: koriyar safa mai fararen tsuntsaye a jere. Farin ulu mai laushi ya ƙare mata, sai ta ɗauko wani siririn zare mai sheƙi da ta daɗe da ajiyewa, irin wanda haƙori ba ya tsinkawa sai almakashi. Ta farko ta fito ta yi girma, ta jefa ta cikin jaka. Biyun da suka biyo baya suka zauna cif. Da safen da za su koma, a tasha, ita da hannunta ta sa masa su, ta ce to Ango, ga lefenka nan, kada ka je ka ce ban yi maka komai ba.

Ta dawo daga tasha, gida ya yi mata faɗi, shagon ma haka. Kewa ce ta sa ta yi abin da ta daɗe tana jin tsoro. Ta nemo hoton safar da ta ɗauka a kan farin mayafinta, ta yi bisimilla, ta tura zaure, sannan ta rufe ido.

Kafin ta buɗe, wayar ta fara rawa a hannunta. Wannan ta ce masha Allah, waccan ta ce ashe da gwanaye a cikinmu suka yi lamo. Amaryar nan ta ce ita dai a ɗauke ta aiki ko riƙon zare ne. Shugaba da kanta ta yi saƙon murya tana cewa yau an ga hannun manya. Yaya baki har kunne, ta saurari saƙon ta sake saurara, har wani mai sayen kan famfo ya gaji da tsayuwa ya tafi.

Sai Sista ta rubuto gajeren saƙo: “Ya yi kyau. Don Allah a nuna mana cikinta.”

Yaya ba ta kawo komai a ranta ba. Ta lalubo ta gwajin nan daga jaka, ta juya ta, ta ɗauka ta tura. A hoton, fararen zarurruka sun ratsa daga tsuntsu zuwa tsuntsu, dogaye, sako-sako, tun daga dunduniya har kan yatsu. Can sai ga baƙuwar lamba tana kira. Yaya ta zuba mata ido har ta katse. Ta sake kira, ta sake katsewa. Sai saƙon murya ya shigo zaure: “Yaya, ni ce Sista nake kiranki. Ki ɗauka, don girman Allah.”

Da lambar ta sake kira, ta ɗauka ta kai wayar kunne.

“Safar nan tana ƙafar yaro yanzu?” in ji Sista, ko gaisuwa babu.

“Da hannuna na sa masa da safe. Sun kama hanya.”

“To ki kira uwarsa ta cire yanzu-yanzu. Kin ga zarurrukan nan na ciki? Kamata ya yi a riƙa kama su ana ɗaurewa a jiki, ba a barinsu da tsawo haka, balle a kayan jarirai. Jariri ba ya barin yatsunsa wuri ɗaya. Ɗaya ya shiga cikin zare, ya murɗa, ya sake murɗawa, sai zaren ya shaƙe shi. Wurin ya kumbura, zaren ya nutse cikin nama har ido ba ya ganinsa. Yaro ya yi ta tsala kuka, uwa ta ce ciwon ciki ne, ta ba shi nono, ta jijjiga, ba wanda zai tuna da safa. Na gani da idona lokacin ina aiki, kuma ba kowane yatsa aka ceto ba. Farin nan ma na ga kamar ba ulu ba ne.”

“Ba ulu ba ne,” in ji Yaya. “Kafin yaushe yake... kafin ya lalace?”

“Ba kullum yake faruwa ba, kada in tsorata ki. Amma kada ya wuni da ita.”

Yaya ta katse wayar. Ta kira Auta, aka ce wayar a kashe take. Ta sake kira, muryar nan dai ta matar kamfani, a natse, kamar ba abin da ya faru a duniya. Ta kira ƙanenta yana can ƙarƙashin wani baho a gidan mutane, ta kasa haɗa magana, sai “yatsa” da “safa” da “na kashe shi” kawai yake ji. Ya bar aikin ya taho a guje. Ya tarar da ita a tsakiyar titi, ita da ba ta tsallakawa sai an riƙe ta, shago a buɗe a bayanta, takalmi ƙafa ɗaya.

“Yaya, ki nutsu ki yi mini bayani. Safa ce fa, ba maciji ba.”

“Kyan ɗan maciji gare ta! Ɗauke ni mu je tasha.”

A tasha rana ta take, ƙamshin fetur da hayaƙi ko'ina. Mai yankan tikiti ya ce shi bai riƙe lambar kowa ba. Da ya ga dattijuwa tana hawaye sai jikinsa ya yi sanyi, ya kira wani direba da ke kwance a benci, shi ya ba su lambar wanda ya ja motar safe. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Direban bencin ya ce ai mutumin nan in yana tuƙi kiɗa yake ƙurewa, ko aradu ba ya ji, kuma nan gaba kaɗan za su shiga dajin da babu sabis, sai sun kusa isa.

Yaya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura auren Auta, ta kira surukinta da kanta. Kunya ta tafi inda ta tafi. Ya ce, “Umma, ku kwantar da hankalinku, yanzu zan tafi tasha in zauna har su iso.” Ta ji muryarsa tana rawa, sai ta gane ta raba tsoron ne kawai, bai ragu ba.

A zaure kuwa an bar maganar saƙa. Shugaba ta tambaya ko akwai wadda take zaune a kan hanyar nan. Wata mai kwarashi, wadda Yaya ba ta taɓa ko lura da ita ba, ta ce garinsu ne motoci ke tsayawa a ci abinci. Ta rufe ɗakinta, ta hau babur ta tafi. Yaya ta ƙanƙame wayar tana jira. Da saƙon ya zo, matar tana haki take magana: mai shayi ya ce motar ta tsaya, ta kuma tashi ba da jimawa ba. Ta tambaye shi ko ya ga mai jariri, ya ce ya dai ji kukan jariri a ciki, har wani fasinja yana tsaki.

Wannan kalma ta kuka ita ta ƙarasa ta. Ta zauna a bencin tasha, ta ciro ragowar farin zaren daga jaka, ta naɗa shi a ƙaramin yatsanta, ta murɗa, ta sake murɗawa, ta zuba ido. Kan yatsan ya cika, ya yi ja, ya fara duhu, yana bugawa kamar da zuciya a cikinsa. Wannan yatsan babba ne mai taurin fata, wanda ya sha tsinke da wanki. Na Ango kuwa bai fi ƙwayar wake ba. Ƙanenta ya waiwayo ya gani, ya fizge hannun ya datse zaren da wuƙar yankan bututu.

“Yaya, kin haukace ne?”

“Ina so in san abin da yake ji.”

Ta yi azahar a nan, ta yi la'asar a nan, ba za ta iya cewa ga abin da ta karanta ba. Duk motar da ta shigo sai ta miƙe, alhali ta san ba ta nan za su ɓullo ba. Tana ta ganin Auta tana jijjiga yaro, tana ja masa safar sama don kada sanyi ya kama shi. Tana ganinsa ya girma yana ɗingishi, ana tambayarsa me ya sami ƙafarka, yana cewa kakata ce.

Rana ta yi sanyi sannan wayar ta yi ƙara. Auta ce.

“Umma, lafiya? Caji ne ya ƙare mini. Mun sauka na tarar da Abbansa a tsaye kamar an yi mutuwa.”

“Cire masa safa! Cire ki duba yatsunsa ɗaya-ɗaya!”

“Mun duba, Umma. Lafiyarsa lau, ga shi yana barci. Ai babu safar a ƙafarsa.”

Yaya ta sulale ƙasa tana hamdala, hawaye yana zuba, tana dariya. Ƙanenta ya ɗaga hannu sama. Har ta buɗe baki za ta ce a ƙona safar, sai ta tuna da maganar mai shayi.

“To kukan wa aka ji a mota? Ina safar take?”

Auta ta sassauta murya.

“Umma, kada ki ji haushi. Sun ɗan matse shi ne, tun muna fita gari na cire. Akwai wata mata kusa da ni da jaririya, 'yar mitsitsiya, ƙafarta ba komai, ga iska tana shigowa ta taga. Sai na ba ta. Ta yi ta godiya, a gabana ta sa mata.”

Safar ba ta matse shi ba, Yaya ta sani, ita ta auna. Ta kuma ga irin kallon da Auta ta yi wa koren nan da safe, ga rigarsa ta kanti shuɗiya. A wata ranar da wannan ya isa ya hana ta cin abinci. Yau ko ta kansa ba ta bi ba.

“Ina matar? Tana nan tashar?”

“Ta sauka tun a hanya, bayan mun ci abinci. A wata mararraba, inda babu ko gida, sai masu babur.”

“Sunanta fa? Garinsu? Lambarta?”

“Umma, a mota fa muka haɗu. Ban tambaya ba.”

“Yarinyar tana kuka da ta sauka?”

Auta ta fashe da kuka, ta ce jarirai ai duk suna kuka, ita ina za ta sani.

An yi iya abin da za a yi. Surukin ya tare direba, direba ya ce mata masu goyo nawa yake saukewa a mararrabar nan kullum. Washegari ƙanenta ya rufe shago ya tafi can da kansa, ya nuna wa masu babur hoton safar, kowa ya girgiza kai, hanyoyin sun rabu zuwa ƙauyuka ba iyaka. Matan zaure suka yaɗa hoton, ciki da waje, zuwa duk zauren da suke ciki, na makaranta da na 'yan'uwa da na masu sayar da atamfa. Yaya da kanta ta yi saƙon murya, na farko a rayuwarta, ba ta ko damu da yadda muryarta ta fita ba: duk wadda aka ba koriyar safa mai fararen tsuntsaye a mota, don Allah ta cire, ta ƙona. An yi ta kiranta, yanzu kowace baƙuwar lamba ɗauka take yi tun ƙarar farko. Wasu jaje suke yi, wasu so suke a saƙa musu irinta. Allura ce ta faɗa ruwa, har yau ba a samu mai rabon ɗaukarta ba.

Tana nan a shagon, tana saƙa, ta koma launi ɗaya. Sista ta koya mata yadda ake ɗaure zaren baya, ta iya, amma hannunta ba ya yarda. A zaure ta zama mai magana, kuma duk wadda ta turo hoton kayan jarirai ta san tambayar da za ta biyo baya daga Yaya. In mace mai goyo ta shigo sayen kan famfo, sai ta ce kawo shi in gani, ta karɓi yaron tana yi masa wasa, hannunta kuwa yana can yana zare safa yana laluben yatsu.

Ango yanzu yana gudu, yatsunsa goma cif. Rannan ƙanenta ya gan ta ta bi wata mai goyo da kallo har ta sha kwana, ya ce mata, “Yaya, ki sa wa ranki salama haka nan. Yarinyar nan in tana raye yanzu tana tafiya da ƙafarta. Safar ai ta daɗe da yi mata kaɗan.”

Yaya ba ta ɗago daga saƙarta ba.

“Kai namiji ne, ba ka sani ba,” in ji ta. “Safa mai kyau irin wannan ba a yar da ita. Wankewa ake yi a ajiye wa ƙane.”